Kwalbar da Na Binne a Kandi

Turancina a Tsamiya, garin kan iyaka, ya ƙare. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da shi a firamare ta Kende, in na gyara wa mutum magana a kasuwar Bagudo ba mai yi mini musu, amma da muka tsallaka iyakar Benin jandarma ya miƙo hannu ya faɗi wasu kalmomi ta hanci, sai na tsaya ina kallon bakinsa. Na gaishe shi da Turanci. Ya maimaita maganarsa da ƙarfi, kamar tsawa ce za ta buɗe mini kai. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa taka ƙofar aji ba, ta leƙo ta bayana ta gaishe shi da Dendanci, harshen iyayenta na bakin kogi. Nan take fuskar mutumin ta saki, har da tambayarta mutanen gida.

"Inna, mi yac ce?"

"Katin shaida shika biɗa, Malam. Ba shi mu wuce, rana na yi."

Tun da na kama aikin koyarwa take kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana, kuma a ranar na san wane rabin ne.

Idonta na hagu ne ya fito da mu. Wani ƙurji ne a fatar ido ta sama, kamar ƙwayar wake, mai tauri, mai ɗan launin ruwan ƙwai, ba ya ciwo ba ya ƙaiƙayi. Kowa ya gani sai ya ce hazbiya ce. An gasa da tsumma mai ɗumi, an shafa man kemis, wanzami ya taɓa, an je wani ƙaramin asibiti sun tsaga sun matse har sau biyu. Kowane lokaci ya lafa, mu ce mun rabu, ya dawo wurin da yake. Hazbiya ta mako guda ce, wannan kuwa ta zagayo shekara. Inna sana'arta gumin shinkafa, da idon take tsince tsakuwa, shi ya sa da aka ce mana akwai masu aikin ido a Kandi, kuma tana da ɗan uwa a can, ba mu tsaya shawara mai tsawo ba.

Daga Segbana muka shiga wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar buhunan albasa. A tashar Kandi, ƙafata ba ta gama taɓa ƙasa ba wani mutum ya tare mu, sanye da farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, da biro biyu a aljihu. Ya dubi idon Inna ya girgiza kai, ya ce da Turancin kasuwa shi ma'aikacin asibitin ido ne, Allah ne ya haɗa mu. Wallahi daɗi na ji kamar na ga ɗan uwana. Na karɓi jakar Inna na bi shi ina ta zuba, har ina ba shi tarihin ciwon tun daga farko. Muka ratsa lungu biyu ya shigar da mu wani shago mai tabarau jere a bango. Ya ce da abokinsa mai shagon wani abu yana dariya, ya ɗauko kwalaben maganin ɗigawa guda huɗu ya ajiye a gabana. Ina shirin sa hannu a aljihu Inna ta mintsine ni a cinya.

"Tashi mu tahi."

"Inna, likita na hwa."

"Likitan uwar wa? Cewa yay yi da wancan, ga 'yan Najeriya Allah ya kawo, ɗan ya iya Turanci, ba shi da wahala."

Ta miƙe ta yi musu sallama da Dendanci cikin ladabi, har da addu'ar Allah ya ba da kasuwa. Mai farar riga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa haushi ya cika ni har muka isa zango, kuma don rashin ta ido Inna na fi jin haushi, ba shi ba.

Gidan Baba Gado muka sauka, ɗan ƙanen kakarta ne, tsohon mahauci mai yawan tasbihi. Suka karɓe mu hannu bibbiyu. Washegari ya raka mu asibitin gaskiya. Likitan da ya duba ta saurayi ne siriri, ya juya fatar idon ya daɗe yana kallo, ya yi wa Inna tambayoyi ta bakin wata nas mai jin Dendanci. Aka ce za a yanke ƙurjin gaba ɗaya, ba matsewa ba. Ni dai ina tsaye riƙe da takalmanta, in an dube ni in gyaɗa kai.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka fito da ita an rufe idon da bandeji, allurar da aka yi mata ta sa ta gyangyaɗi, aka kwantar da ita a benci. Nas mai Dendanci ta riga ta tashi aiki. Wata ce daban ta zo, doguwa mai sauri, ta miƙo mini 'yar kwalba mai jan murfi da takarda a ninke. A cikin kwalbar akwai ruwa fari, a cikin ruwan ga ɗan naman da aka yanke yana lilo. Ta yi magana mai tsawo da Faransanci, tana nuna kwalbar, tana nuna takardar, tana nuna kudu da hannu. Sai ta tsaya ta dube ni, ta yi wata tambaya, wadda yanzu na san "ka gane?" take nufi.

Akwai mutane a barandar, wajen goma, duk suna kallona da rigata mai guga da jakar malamai. Na ce mata, "Wi, wi." Ita ce kalmar Faransanci guda da na sani.

Kuma in faɗi gaskiya, na ɗauka na gane ɗin. A wurinmu abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake ba. Mahaifa binne ta ake yi, haƙorin da aka cire, gashin aski, har farce tsofaffi ba sa yarda a bar shi a fili. Na ce a raina, kai mutanen nan sun san mutunci, sun san mu Musulmi ne, sun ba mu namanmu mu suturta. Nuna kudu da ta yi na ɗauka maƙabarta take nuna mini. Takardar kuwa na ɗauka rasit ne, na cusa ta bayan katin zaɓe. Da na buɗe kwalbar a gida wani wari ya buge ni har ido ya kawo ruwa, na ce lallai maganin hana ruɓewa ne. Na nuna wa Baba Gado. Ya ce, "Tau, mi kaka jira? Naman uwarka na. Kak ka bari shi kwana." Bayan la'asar ya ba ni fartanya, na haƙa rami mai zurfi a gindin wata bishiyar mangwaro bayan gidansa, na naɗe kwalbar da farin ƙyalle, na yi bismilla na rufe. Na tuna har da wata nutsuwa na ji, irin ta ɗan da ya sauke hakki.

Muka dawo Kende ana girbi. Wurin ya warke sumul, Inna ta koma kan tukunyarta, ni kuma na koma ba malamai labarin yadda na bi da mutanen Benin.

Wata bakwai muka samu. Farkon damina matata Rabi ta ce in dubi idon Inna da kyau. Gashin idon ya zube daga tsakiya, bakin fatar ya yi kauri ya yi ja, farin idon kullum kamar wadda hayaƙi ya shiga wa. Ƙurjin bai dawo wuri guda ba, ya bazu ne kamar ya narke a cikin fatar. Inna ta ce ba ya ciwo, hayaƙin murhu ne. Wannan "ba ya ciwo" ita ta fi komai rikita ni a tafiyar nan. Abin da ba ya ciwo, yaya za ka tsorata da shi? Muka ƙara wata biyu ana ɗiga magani kafin na nemi izini a makaranta muka sake ɗaukar hanyar Tsamiya, wannan karon cikin laka, har sai da muka sauka muka tura mota sau biyu kafin Segbana.

Likitan Kandi ya gane mu. Yana ɗaga fatar idon fuskarsa ta canja. Ya yi tambaya, nas mai Dendanci ta juya ta, Inna ta juyo gare ni.

"Wai ina sakamako?"

"Sakamakon mi?"

"Na kwalba, in ji shi."

Na zaro takardar nan daga bayan katin zaɓe, ta yi laushi ta yi baƙi a ninki, na miƙa masa da ƙarfin gwiwa. Ya buɗe ya karanta, ya dube ni, ya sake duban takardar. Rubutunsa ne. Takardar neman gwaji ce. Kwalbar ɗakin awo ya kamata in kai ta, can kudu, a duba naman a faɗi ko mene ne. Ya tambayi ina kwalbar take. Na ce da Inna ta ce masa ta ɓace a hanya. Ta dube ni ɗan lokaci, sannan ta faɗa wa nas wani abu gajere. Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya rubuta wata takardar ya ce mu wuce babban asibitin Faraku, can kudu, kada mu koma gida.

A motar Faraku na jingina kaina da taga. Ina ta lissafin abin da ban gane ba. Nama ne an yanke an fitar, to me ya rage a duba a cikinsa? In ciwon yana cikin kwalba, yaya aka yi yana cikin ido? Har na fara tunanin in koma in tono ta, sai na tuna wata tara ke nan da ruwan sama a kai. Inna tana gefena tana cin gyaɗa, tana hira da wata Bafulatana da Fulatancin da ta koya a gidan mahaifinmu.

Faraku ta fi ƙarfin kaina. Babura kamar ƙudaje, kowa da hanyarsa, allunan kan titi ina iya karanta harufansu amma ba su ce mini komai. Ranar na san yadda yaran aji ɗaya suke ji in na tsaya a kansu da alli. A babban asibitin aka haɗa mu da wata likitar ido, mace mai furfura a goshi, wadda ta yi wani ɓangare na karatunta a Ghana. Da ta buɗe baki da Turanci saura kaɗan in yi kuka. Na ce mata, kafin komai, in na ce na gane kada ta yarda, ta sa in maimaita. Ta yi murmushi ta ce haka za a yi.

Ta ɗauki takarda ta zana ido. Ta ce a bakin fatar ido, bayan layin gashi, akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna jere da ke fitar da maiƙo, shi ne yake hana hawaye bushewa. In bakin ɗaya ya toshe sai ya kumbura, wannan shi ne ƙurjin da kowa ya sani, ba shi da haɗari. Amma akwai wani ciwon daji da ke tasowa daga jakunkunan maiƙon kansu. Ba kasafai ake ganinsa ba, likita zai iya daɗewa yana aiki bai haɗu da shi ba, kuma ya fi kama tsofaffi. Matsalarsa ita ce kamanni. Da ido ba ka raba shi da ƙurjin banza, shi ya sa ake ta matse shi ana sallamar mutum. Abin da ke sa a yi zargi, in ji ta, shi ne ya riƙa dawowa wuri guda, ya yi tauri, gashin ido ya zube. Tabbaci kuwa sai an yanki naman an duba shi a madubin likita.

"To shi ne ke gare ta?" na tambaya.

"Ban sani ba tukuna. Ina zargi."

Ta matsa gaban kunnen Inna da yatsu, ta bi ƙarƙashin haɓa da wuya, tana neman kaluluwa. Ba ta samu ba, ta ce wannan labari ne mai kyau. Sai kuma ta tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa ciwon daji na hanji. Na ce, likita, ido muka kawo. Ta ce ta sani, amma wani lokaci irin wannan ciwon yana tafiya da na hanji a cikin zuri'a, shi ya sa ake tambaya. Na juya wa Inna. Ta ce yayanta ya rasu da ciwon ciki, amma a lokacin an ce sammu ne. Likita ta rubuta. Ni kuma kaina ya ƙara kullewa, don na shigo da ciwo ɗaya ga shi ana neman buɗe mini na biyu har a kaina da 'ya'yana.

Bayan kwana biyu aka sake yanka. Wannan karon ba wuri ɗaya ba, an ɗan tsakuro daga fatar, an tsakuro daga wurare daban-daban a kan farin idon, domin likita ta ce ciwon yana iya rarrafe a saman ido ba tare da ya yi tudu ba. An kuma ɗauki hoton cikin kai. Kwalabe biyar aka jera mini, kowace da lamba. Ta ce akwai wani rini na musamman da ake yi wa naman wanda sai a Kwatano, in na kai da hannuna zai fi sauri. Ta sa na maimaita sunan wurin sau uku kamar ɗan makaranta, na kuma rubuta a tafin hannuna duk da yana kan takarda.

Na bar Inna a zangon Faraku wurin wata mai tuwo 'yar Kamba, wadda ta ce ai uwa ta kowa ce. Na ɗaure kwalaben a leda, na naɗe da rawani, na rungume su a cinya tun daga Faraku har bakin teku. Ban yarda na sa su a jaka ba. Ban sauka cin abinci ba, ban sauka fitsari ba. A wani shinge jandarma ya nuna ƙunshin ya yi tambaya, na kwance, warin ya buge shi ya ja baya, ya fara ɗaga murya. Na shiga Turanci, na koma Hausa, na nuna idona, na nuna kwalba, abin sai ƙara lalacewa yake. Wata mata da ke kujerar baya, mai kwandon abarba, wadda tun safe ba mu ce wa juna komai ba, ta karɓi takardar likita ta karanta masa da ƙarfi, ta ƙara da nata faɗan. Ya miƙo mini kayana da hannu biyu. Da motar ta tashi ta yanko abarba ta miƙo mini, ta nuna kwalaben ta ce, "Mama?" Na gyaɗa kai. Ta dafa ƙirjinta. Har yau ban san sunanta ba.

A Kwatano na miƙa kwalaben aka ce in dawo bayan kwana goma sha biyu. Na sauka wurin wasu 'yan albasa mutanen Yawuri a zango. Gari ne mai gumi, iska ma jiƙe take. Abincinsu tsami, miyarsu manja. Na yi kewar tuwon shinkafa da miyar kuka har ina jin kunyar kaina, uwata tana jiran hukunci ni ina tunanin tuwo. Kullum da hantsi in kira Inna a wayar mai tuwo. Ba ta taɓa tambayata sakamako ba, sai dai ta ce, "Kana cin abinci? An ce can kihi ya yi araha." In kira Rabi, ta ce an yi ruwa, shinkafar fadama ta yi kyau, yara na tambaya. Wata rana na je na tsaya bakin teku don a ce na gani, na ga ruwa ba tsallake, na ji tsoro na dawo.

Ranar karɓar sakamako, wani dattijo mai tabarau a ɗakin awon ya ga ina jujjuya takardar, ba na gane ko kalma. A kwanakin nan na koyi jimla guda ta Faransanci wurin 'yan albasa, wato "ban gane ba". Na faɗa masa ita. Ya dube ni, ya yafito ni ciki, ya zaunar da ni gaban madubin, ya sa wani ɗan gilashi. Na kanne ido na leƙa. Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro, tsutsa ko baƙin abu. Sai na ga ja-ja da shuɗi-shuɗi kamar zanen atamfa. Ya nuna mini wasu ƙwayoyi masu kumfa-kumfa a ciki, ya murza yatsunsa biyu alamar maiƙo, sannan ya nuna yadda suka cunkushe ba tsari, suka kutsa inda ba wurinsu ba. Ya ɗaga yatsu biyar, ya lanƙwashe ɗaya. Kwalba huɗu cikin biyar. Wannan kam na gane shi ba tare da tafinta ba.

Likitar Faraku ta karanta takardar, ta ɗora hoton kai a kan fitila ta duba. Sannan ta ce shi ne. Ya bi saman idon kusan ko'ina, ya kuma fara shiga baya, cikin ramin ido. Bai kai wuya ba, bai kai wani wuri ba, iyakar abin da suka gani. In ana son a tsare ran Inna, sai an cire fatar da idon gaba ɗaya.

"Amma idon yana gani," na ce. "Jiya ma da shi ta zura zare a allura."

"Na sani. Idon lafiyarsa lau. Wurin da yake zaune ne ya kamu."

Na maimaita mata kamar yadda muka yi alkawari, kalma bayan kalma, kuma ban gane ba. Har yanzu da nake rubutun nan akwai wani ɓangare na kaina da bai gane yadda za a cire ido mai gani ba. Sai na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun Kandi. Na ce da an kai kwalbar farko fa? Ta ajiye biro. Ta ce ba za ta rantse mini ba, ciwon nan mayaudari ne, amma da wuya a ce ba fatar kaɗai za a yanka a gyara ba. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba, ko da yake a lokacin na so ta yi.

Na samu Inna a tsakar gidan mai tuwo tana taya ta tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata abin da za a yi. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina aiki ba. Sannan na ce akwai saura. Na ce kwalbar Kandi ba ɓacewa ta yi ba, ni na binne ta a gindin mangwaro, don an tambaye ni ko na gane na ce na gane.

"Na sani," ta ce. "Gado ya hwaɗa min tun ranar. Har albarka nis sa maka."

"Amma kin ce ma likita ta ɓace."

"Ni ban ce ba. Kai kac ce in ce. Ni cewa niy yi ɗana ya suturta ta, kamar yadda munka saba."

Na fashe da kuka a gaban matan gidan, ni da gemuna. Na ce ta yafe mini, ni na ci mata ido. Ta ture farantin gefe ta ce in rufe mata baki. Ta ce da ita aka miƙa wa kwalbar, ita ma ramin za ta haƙa, Gado ma haka, ubana ma da yana da rai haka. "Abu guda dai nika jin haushi, Malam. Kai da kullum kaka bugun ɗiyan mutane don ba su tambaya." Matan suka yi dariya, ita ma ta yi, ni ma na yi ina share majina. Ban ji sauƙi ba, amma na samu na iya tashi tsaye.

Ta nemi kwana uku, likita ta ba ta. Ba ta ce a kai ta gida ba, ba ta ce a kira kowa ba. Ta sa na raka ta kasuwa ta zagaya rumfunan atamfa ba ta sayi komai ba. Ta sa Rabi ta jera jikokinta a waya ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa wa kowa abin da ya yi kama da shi.

Safiyar aikin aka sa mata koriyar riga, aka zana alama da biro a saman girarta ta hagu. Nas ta turo keken marasa lafiya, Inna ta ce ƙafarta lafiya lau, da kanta za ta shiga. Mun kai ƙofar da ba a barin ɗan rakiya ya wuce, sai ta tsaya ta juyo.

"Matso nan wurin haske."

Na matsa kusa da taga. Ta ɗaga tafin hannunta ta rufe idon dama, mai lafiyar. Ta bar na hagu, jajaye, ba gashi, fatar ta yi nauyi har sai da ta ɗaga haɓa kafin ta same ni. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, a hankali, ba ta gaggawa, nas tana tsaye tana jira. Na ga ƙwayar idon tana motsi, tana bin fuskata, tana aiki sarai kamar kowane ido.

"Ka rame," ta ce. "Hurhura ma ta hito maka nan gefe."

Na shafa gefen kaina. Ta ƙara ɗan lokaci tana kallo, sannan ta sauke hannunta ta gyara ɗaurin rigar.

"Tau, na gani. Mu tahi."